Gwal ɗin Yaya da keken Auta

Wannan maganar ta cikin gidanmu ce, kuma sai da na nemi izinin su biyun kafin na zauna rubuta ta, suka ce in rubuta amma kar in kama suna. To ba zan kama ba. Yayarmu ita ce 'yar farin Umma, kowa Yaya yake ce mata, ƙaninmu kuma Auta, ni ne a tsakiyarsu, uwa ɗaya uba ɗaya, a cikin birnin Kano aka haife mu muka tashi. Ni ne kuma kaɗai shaidar abin da ya faru, shi ya sa har yau abin yake ci na a rai.

Mijin Yaya ya rasu a watan Afrilun 2020, lokacin nan da aka kulle gari saboda korona ana ta rashe-rashen dattawa, Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Ya bar mata yara huɗu a gidan haya. Da aka raba gado tumunin takabarta bai taka kara ya karya ba, domin mutumin ba mai tarawa ba ne, abin da ya samu a gida yake ƙarewa. Abu ɗaya da ya rage a hannunta mai nauyi shi ne gwal ɗinta, wanda dama nata ne bai shiga gado ba: sarƙa da 'yan kunne da awarwaro biyu, kirar Saudiyya, karat 21, duka giram 30. Wani ɓangare daga lefenta ne, wani kuma da kuɗin adashi da na ɗinki ta dinga ƙarawa tsawon shekara kusan ashirin, in ta samu ta kai ƙarami ta cika kuɗi a ba ta wanda ya fi shi.

Mu maza da yawa kallon kwalliya muke wa gwal ɗin mata, sai ranar da ta ɓaci mu tuna da shi. Su kuwa sun san abin da suke yi. Mace ba ta sayen gwal don ta sa a biki kawai, banki ne wanda bera ba ya ci, gara ba ta ci, kuɗin makarantar yaro ne, kuɗin asibiti ne, gado da katifa da kujerun 'yarta ne ranar da aure ya tashi. Ga Yaya kuwa da ba miji ba albashi, wannan giram 30 ɗin shi ne bangon da take jingina da shi.

Auta a lokacin ya gama difloma ba aiki, sai ya shiga tuƙin adaidaita kamar dubban samarin garin nan, don tun da aka hana acaɓa a 2013 ita ce sana'ar da ta kwashe matasa. Keken wani yake ja, kullum da daddare ya kai balas, ya sha mai, ya yi faci, abin da zai rage masa wani lokacin ko na abincin dare bai kai ba, in kuma keken ta lalace a hannunsa ya sha faɗa. A watan Yunin 2021 ya samu labarin wata keke ta hannu mai lafiya da za a sayar N750,000, ya zo ya zauna a ɗakin Umma yana ta lissafi a fili, wai da tasa ce da kuɗin balas ɗin nan kaɗai ya ishe shi tara na aure. Bai roƙi kowa ba, wannan zan yi masa shaida. Yaya ce da kanta bayan kwana biyu ta zo da wata 'yar jaka ta fito da gwal ɗin a ƙulle cikin hankici, bayan la'asar ne, Umma ta shiga maƙota gaisuwar mara lafiya, daga ni sai ita sai shi a ɗakin.

Ta ce, "Auta ga shi, ku je da yayanka a sayar ka sayi keken. In Allah ya buɗa maka sai ka mayar min da abina."

Haka ta faɗa, abina. Sai ta ɗan yi jim ta kalle ni ta ce, "Ko za a ɗan rubuta ne?" Ni kuma na ce, "Haba Yaya, Auta ne fa, wane irin rubutu kuma tsakaninku." Kunya ta kama ta, ta ce haka ne, Allah ya sa albarka. Wannan kalmar tawa ita ce ƙofar da duk fitinar ta shigo ta cikinta.

Washegari muka shiga Sabon Gari wajen 'yan gwal, aka goga aka ɗora a sikeli, aka saya N24,000 duk giram, kuɗi ya kama N720,000. Ni na cika masa 30,000 aka ɗauko keke. Kuɗin ko hannun Yaya bai shiga ba, daga shagon mai gwal sai akawun ɗin Auta, daga nan sai wajen mai keke. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Shekarar farko abin ya yi kyau sosai. Auta ya zama mutum, yana kawo wa Umma cefane, yana kai yaran Yaya makaranta da safe kyauta, in za ta unguwa waya kawai za ta yi masa. An yi yajin aikin 'yan adaidaita a Janairun 2022, an hana su aiki daga ƙarfe 10 na dare a tsakiyar shekarar, duk da haka yana samu. Ya shiga adashin 'yan tasharsu, ya kwasa, kuma a nan ne ni a ganina ya yi kuskurensa na farko, don maimakon ya rage bashi sai ya kai kuɗin gaisuwa gidan su yarinyar da yake nema. Kwasa ta biyu ta tafi a lefe. Yaya ce ma ta shiga Kwari ta zaɓo atamfofin da lesukan, ita ta jera akwatunan, ita ta jagoranci kai su, ba ta ce uffan ba a kan gwal ɗinta. An ɗaura aure a Disambar 2022. Kowa na murna, ni ma ina murna, ban ce masa komai ba.

Daga nan duniya ta juya. Farkon 2023 aka shiga wahalar canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace, fasinja ya shigo ya ce sai transfa, transfa ta maƙale, ɗan adaidaita ya wuni yana bin mutane bashin naira ɗari biyu. Kafin a farfaɗo, ranar 29 ga Mayu aka ce tallafin mai ya tafi, litar da ake sha ƙasa da N200 ta haura N500 cikin kwanaki. Mutane suka koma tafiya a ƙasa, wanda da zai hau daga Kabuga zuwa Bata sai ya rage hanya da ƙafa. Dala kuma da take wajen N500 a Wapa lokacin da muka sayar da gwal ɗin, a Fabrairun 2024 ta wuce N1,500. Matar Auta ta haihu, injin keken ya buga, aka sauke shi aka yi aiki, bai daɗe ba ya sake. A duk wannan tsakanin Yaya ba ta taɓa tambayarsa ba ko sau ɗaya, shi ma bai taɓa tayar da maganar ba, ko ya ce Yaya ina sane. Shekara uku da wata biyar.

A Nuwambar 2024 aka kawo kuɗin babbar 'yar Yaya, aka fara maganar sa rana. Auta ya ji, ya san lokaci ya yi, sai ya sayar da keken N1,600,000, ya tura wa Yaya N720,000 cif, sauran ya kai kafin alƙalami a kan wata sabuwa da zai dinga biya a hankali. Ya turo saƙo a gurup ɗin gida na WhatsApp, da farin cikinsa, yana cewa alhamdulillahi yau ya sauke nauyin Yaya, Allah ya saka mata da Aljanna. Muka yi ta amin. Yaya ba ta ce komai ba. Da safe ta ɗauki hijabi ta shiga Sabon Gari ita kaɗai, ta tambayi kuɗin giram na irin nata, aka ce mata wajen N120,000. Wato kuɗin da aka turo mata giram 6 zai saya. Ta fita da 30 ta dawo da 6. Ta tsaya wajen mai POS ta mayar masa da kuɗinsa gaba ɗaya, ta yi masa saƙon murya gajere: "Auta ni ba kuɗi na ba ka ba, gwal na ba ka, giram talatin, shi nake jira."

Wallahi ranar gidanmu kamar an yi mutuwa. Auta ya zo wajena idonsa ja, yana cewa Yaya so take ta ci riba a kansa, N720,000 ya karɓa ta ya za a ce ya biya N3,600,000, wannan ba riba ba ce da Allah ya haramta? Ya ce da ya san gwal zai biya da bai karɓa ba. Ya ce shekara uku yana jigilar yaranta bai taɓa karɓar kwabo ba, ashe ana lissafe da shi. Yaya kuma da na je gidanta ba ta ɗaga murya ba, tana kan keken ɗinki tana magana hawaye na zuba, ta ce, "Kai ne shaida, me na ce masa? Ni ban ga kuɗi ba, ban taɓa kuɗi ba, ban ƙirga ba. Marainiya zan kai ɗaki, da me zan kai ta?"

Umma ta shiga tsaka mai wuya, kuma duk wanda ya san gidan Hausa ya san dalili. Yaya 'yar fari ce, ko sunanta Umma ba ta faɗa, kara ba za ta bar ta ta fito fili ta tsaya mata ba. Auta kuma auta ne. Sai ta koma cewa a yi haƙuri, a bar maganar, kar a ji mu a waje. Wata ƙanwar babanmu ta ce a kai Hisbah a yi sulhu, Umma ta ce in dai tana raye ba za a kai 'ya'yanta gaban kowa ba. Matar Auta ta daina zuwa gidan Yaya, yaran Yaya suka koma hawan keken haya, a gurup kuwa sai sallamar Juma'a da ba mai amsawa. Dangi suka rabu biyu, kuma abin da na lura da shi shi ne kusan duk mazan suna bayan Auta, kusan duk matan suna bayan Yaya, kowa da abin da yake tsoro a ransa.

Ni kuwa sati biyu ina ɓuya. In na faɗi abin da na ji, na ɗora wa ƙanina bashin miliyan uku da wani abu, mutumin da ke da jariri da bashin sabuwar keke a wuya. In na ce na manta, na cuci mace mai marayu huɗu da ta fitar da abin hannunta saboda Allah da zumunci, kuma ni na hana ta rubutawa. Na yi ta gaya wa kaina ai kalmar abina tana iya ɗaukar kuɗi, tana iya ɗaukar gwal, ba sai na matsa ba. Amma na san a raina lokacin da ta faɗa hannunta a kan hankicin yake. Na kuma san Alƙur'ani ya hana ɓoye shaida, ya ce wanda ya ɓoye ta zuciyarsa mai zunubi ce, kuma ayar tana nan daf da ayar bashi a ƙarshen Baƙara.

Kawu, yayan Umma, shi ya yanke shawara. Ya ce ba kotu ba Hisbah, amma za a kira limamin masallacin unguwarmu, mutum ne da ya karanci fiƙihu kuma ya san mu tun muna yara, a zauna a zauren Kawu bayan isha'i.

Abin da Malam ya yi ya burge ni, don bai fara da hukunci ba, sai da ya raba tambayar gida biyu. Ya ce da farko a bar maganar riba, a gano me aka ranta. In kuɗi aka ranta, to kuɗi ake biya, adadin da aka karɓa, ko naira ta faɗi ko ta tashi, wannan shi ne abin da mafi yawan malamai suke kai, kuma majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da shi a zamanta na Kuwait a 1988, duk da cewa tun da can akwai irin su Abu Yusuf almajirin Abu Hanifa da suke ganin a duba ƙima in kuɗin ya canza daraja. In kuwa gwal aka ranta, gwal ake biya, nauyinsa da irinsa, kuma wannan ba riba ba ce ko kaɗan, giram 30 ya fita giram 30 ya dawo, ba a ƙara ko ƙwaya ba. Ya ce da gwal ɗin faɗuwa ya yi, da ita za ta ɗauki asarar, kuma da ba wanda zai tara mu a nan.

Sai ya ce saura a gane, ranar da aka je kasuwa, Auta wakilinta ne ya sayar mata da kayanta sannan ta ranta masa kuɗin, ko kuwa gwal ɗin ta ranta masa ya je ya sayar da abinsa? Ya tambayi Auta, "Da ka sayar ka kawo mata kuɗin ta gani?" Ya ce a'a. "Ka gaya mata nawa aka saya?" Ya ce ya gaya mata a waya, ta ce Allah ya sa albarka. Malam ya ce to wannan yana ɗan taimakonka, amma bai isa ba. Ya juyo kaina ya ce, "Kai aka ce kana wurin. Don Allah ba don ni ba, me ta ce?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, cewa ta yi ka mayar min da abina. Kuma ta nemi a rubuta, ni na hana."

Auta ya sunkuyar da kai. Ban taɓa jin nauyin magana a bakina kamar wannan ba.

Malam bai ce shi kenan Yaya ta yi nasara ba. Ya ce lafazin ya fi karkata ga gwal, amma shaida ɗaya ne, kuma a fili yake cewa yaron nan bai fahimci haka ba, ba ƙarya yake yi ba, kowannensu da abin da ya ƙulla a zuciyarsa aka rabu a kai. Ya ce shi ba alƙali ba ne, in suna son hukunci ga kotu nan, za a nemi hujja a wajen mai da'awa, a nemi rantsuwa a wajen wanda ya musa, kuma duk wanda ya ci a cikinsu ya rasa ɗan'uwa. In kuma sulhu suke so to ga shi ga Kawu.

Sannan ya yi wa Auta wata magana da ni ma ta shige ni. Ya ce, "Ko da kuɗi ne a kanka, ka san Annabi, sallallahu alaihi wasallam, ya ranci ɗan raƙumi ya biya da wanda ya fi shi, ya ce mafi alherin mutane shi ne wanda ya fi kyautata biya. Kuma ya ce jinkirin mai hali zalunci ne. A 2022 kana da hali ko ba ka da shi?" Auta ya yi shiru. Kawu ya ƙara da nasa, shi ba malami ba ne ɗan kasuwa ne, ya ce, "Keken da ka saya 750 ka ci moriyarta shekara uku ka sayar miliyan ɗaya da ɗari shida. Tashin kayan da kake cewa ba laifinka ba ne, ai kai ma ka ci ribarsa. Ita kaɗai za ta ɗauki faɗuwar naira, kai ka ɗauki tashin keke?"

A nan ni nake ganin gaskiyar lamarin take, fiye da maganar lafazi. Auta ba mugu ba ne, ban taɓa ganinsa ya ci haƙƙin wani da gangan ba. Amma ya ɗauki bashin 'yar'uwa a matsayin bashin da ba ya sauri, wanda za a biya in an gama da komai, bayan lefe, bayan kayan ɗaki, bayan ragon suna. Da mai keken da yake wa balas ne, ko kwana ɗaya ba zai tsallake ba. Shirun da Yaya ta yi masa na kunya da kara sai ya fassara shi da cewa ba ta buƙata. Da ya biya a tsakiyar 2022, ko da kuɗi ne, da abin da za ta rasa kaɗan ne, da ta cika ta mayar da mafi yawan gwal ɗinta. Jinkirin ne ya mayar da ƙaramar tazara ta zama rami. Kuma jigilar yara da yake ambata alheri ne, Allah ya ba shi lada, amma ba a taɓa cewa a bakin bashi yake yi ba, bai kamata ya fito da shi ranar rigima ba.

Yaya ma ina da abin da nake gani a nata ɓangaren, na kuma gaya mata. Shekara uku tana kallon farashin gwal yana hawa, tana ƙirgawa a zuci, ba ta taɓa ce masa Auta ka san fa gwal nake bin ka ba. Da ta faɗa tun giram yana dubu talatin da wani abu, da ya san inda ya dosa. Ta ce min, "Ta ya zan bi ƙanina bashi yana shirin aure? A ce ina baƙin ciki?" Na gane, wallahi na gane, haka aka tarbiyyantar da mu, amma wannan kunyar ba ta hana rigimar ba, ajiye ta kawai ta yi har ta girma.

Nawa laifin kuwa na riga na faɗa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, har tana cewa kar a ƙosa da rubuta shi ƙarami ne ko babba, kuma ba ta ware ɗan'uwa ba. Na san ayar, na sha karanta ta, amma ranar da aka zo aiki da ita sai na ga kamar rubutu zargi ne. Layi biyu a bayan takardar makaranta da sun wadatar: giram 30, karat 21, za a mayar da gwal.

Aka yi shiru a zauren, sai Yaya ta yi magana daga inda take zaune a bakin ƙofa. Ta ce, "Kawu, ni ban zo in tozarta Auta ba. Na yafe masa giram goma, saboda Allah da kuma Umma." Malam ya karanto mata ayar da ke cewa in wanda ake bi yana cikin ƙunci a jira shi har ya samu sauƙi, in kuma aka yafe shi ya fi alheri. Saura 20. Aka kira wani mai gwal da Kawu ya sani a waya ya faɗi farashin ranar, Auta ya sake tura N720,000 ɗin nan take, aka cire giram 6. Saura 14. Ni na ce na ɗauki 4 a kaina, Yaya ta ce a'a, na ce ba kyauta nake yi ba, hannuna na ciki. Saura 10 a kan Auta.

Malam ya ja kunnenmu a kan abu ɗaya da ban sani ba sai ranar. Ya ce kar a mayar da giram goman nan naira yau a ce miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu za a dinga biya a hankali, domin canjin gwal da kuɗi hannu da hannu ake yinsa. Bashin zai zauna a gwal, duk ranar da ya kawo kuɗi a tambayi farashin wannan ranar a cire daidai abin da kuɗin ya saya, ko kuma ya sayo gwal ɗin da kansa ya kawo. Auta ya ce zai iya N30,000 duk wata, wanda a lokacin rubu'in giram ne. Aka rubuta a takarda, kowa ya sa hannu, Kawu da Malam suka yi shaida, aka yi kwafi uku.

An yi bikin 'yar Yaya bayan ƙaramar sallah. Ba a yi kayan ɗakin da ta so ba, an yi gado da katifa da kujeru daidai gwargwado, dangi suka kama, Kawu ya ɗauki kayan kicin. Auta ne ya yi ta jigilar 'yan biki kwana uku da sabuwar kekensa, matarsa ta zo ta yi aiki har dare. Na sayar da wani ɗan fili da muka haɗa da abokina a bayan gari na biya giram huɗuna kafin bikin.

Sai dai maganar ba ta mutu ba, don gwal bai tsaya jiran Auta ba. A Maris ɗin 2025 ya haura dala 3,000 duk oza, wato ma'aunin da ake auna gwal da shi a kasuwar duniya, a Oktoba ya haura 4,000, dubu talatin ɗin da take cire rubu'in giram ta koma ko ɗaya bisa biyar ba ta cirewa. Yana biya bashin yana gudu a gabansa. Akwai watan da ya zo min ya ce, "Yaya, anya zan gama kuwa?" Ban da amsar da zan ba shi, sai na ƙara masa dubu goma a kan na watan. Wani lokacin ina tambayar kaina ko sulhun ya yi masa nauyi, sai in tuna ita ma kullum abin da ta yafe ƙara tsada yake yi, kuma akwai yara uku a bayan wadda aka aurar.

Gaisuwa ta dawo tsakaninsu, yana zuwa gidanta, tana zuba masa abinci, amma irin zaman da suke yi a da su raba dare suna hira bai dawo ba tukuna. Takardar tana wajen Umma a cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwanta, duk ƙarshen wata Auta ya tura kuɗi sai 'yar Yaya ta biyu ta kira mai gwal ta ji farashi ta zo ta rubuta a baya. Ranar Juma'ar da ta wuce na duba, saura giram 7 da ɗan wani abu.